Ceto da Jinyar Fursunonin Yaƙin da Japan ta Tsare a Yaƙin Duniya na Biyu

A duk lokacin da aka yi musayar fursunonin yaƙi a 'yan shekarun nan, ko tsakanin Rasha da Yukren tun daga 2022, ko tsakanin ɓangarorin da ke faɗa a Yaman, inda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi jigilar mutum fiye da 1,000 a 2020 da kusan 900 a 2023, abin da kafofin watsa labarai suke nunawa shi ne saukowar ramammun mutane daga mota ko jirgi da kukan murnar iyalansu, daga nan kuma sai labarin ya ɗauke. Likitoci da ma'aikatan agaji sun daɗe da sanin cewa ranar sakin fursuna ita ce farkon aikinsu, domin jikin da ya shekara cikin yunwa da zuciyar da ta saba da fargaba ba sa komawa daidai don kawai an buɗe ƙofa.

Da yawa daga abin da aka sani game da wannan aiki an koyo shi ne a 1945, lokacin da ƙasashen Ƙawance suka kwaso mutanensu daga sansanonin Japan da ke warwatse tun daga Bama har Manchuriya, kuma an koye shi da tsada, domin wasu sun mutu a hannun masu ƙoƙarin taimakonsu.

Yadda aka tara su

A watannin farko na 1942 sojojin Japan sun kame mutane da yawa fiye da yadda suka shirya wa. Da Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu, sojojin Birtaniya da Indiya da Ostireliya kimanin 80,000 suka miƙa wuya, sannan a watan Afrilu wasu kimanin 75,000 na Filifin da Amurka suka faɗa hannu a Bataan da ke Filifin, aka kora su a ƙafa tafiyar kusan kilomita 100 cikin rana da ƙishirwa, dubbai suka mutu a hanya. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙin ta ƙiyasta cewa cikin fursunoni Turawa kimanin 130,000, fiye da kashi 25 cikin 100 sun mutu a tsare, alhali a sansanonin Jamus da Italiya mace-macen fursunonin Birtaniya da Amurka bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Dalilan wannan bambanci suna da yawa. Japan ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi amma ba ta tabbatar da ita a matsayin doka ba, kuma ƙa'idar ɗa'a da aka raba wa sojojinta a 1941 ta koyar da cewa kamuwa da rai abin kunya ne, don haka mai gadi yana kallon wanda yake tsare da shi a matsayin mutumin da ya zubar da mutuncinsa da kansa. A kan wannan sai ga buƙatar ma'aikata. Layin dogo mai tsawon kilomita 415 da aka shimfiɗa tsakanin Tailan da Bama daga 1942 zuwa 1943 ya ci ran fursunoni kimanin 12,000 daga cikin 60,000 da aka tura, ya kuma ci ran leburori 'yan Asiya da ake ƙiyasta sun kai 90,000.

Ceto da bakin bindiga

Shaida ta farko mai ƙarfi game da halin da ake ciki ta fito ne daga teku. A watan Satumba na 1944 jiragen ruwan Amurka masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka nutsar da wani jirgin dakon kaya mai suna Rakuyo Maru ba tare da sanin cewa fursunoni fiye da 1,000 ne a cikinsa ba, da yake Japan ba ta sa wa irin waɗannan jirage wata alama. Bayan kwanaki, da jiragen suka sake ratsa wurin, sai suka tarar da mutane maƙale da katako, baƙin mai ya lulluɓe su, suka tsamo kimanin 150, kuma daga bakin waɗannan ne gwamnatocin Birtaniya da Ostireliya suka ji cikakken bayanin abin da ya faru a layin dogon.

Wata uku bayan haka, ranar 14 ga Disamba, masu gadin wani sansani a tsibirin Palawan na Filifin suka tura fursunonin Amurka kimanin 150 cikin ramukan fakewa, suka zuba fetur suka cinna wuta, mutum 11 kacal suka tsira. Labarin ya sa rundunar Amurka da ta sauka a tsibirin Luzon na Filifin ta fahimci cewa matsowarta kusa da sansani na iya zama hukuncin kisa ga waɗanda ke ciki, saboda haka dole a riga masu gadi.

Daga nan aka shirya harin ceto a sansanin Cabanatuan da ke Luzon na ranar 30 ga Janairun 1945. Sojojin Amurka kimanin 120 ƙarƙashin Laftanar Kanar Henry Mucci suka kutsa tafiyar kusan kilomita 50 a bayan layin abokan gaba, yayin da 'yan sari-ka-noƙe na Filifin ƙarƙashin Kyaftin Juan Pajota da Kyaftin Eduardo Joson suka tare hanyoyin da gudunmawa za ta biyo, musamman gadar kogin Cabu, inda mutanen Pajota suka tsayar da rundunar da ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Cikin kusan rabin sa'a aka fitar da fursunoni fiye da 500. Wasunsu sun ɓuya don ba su gane kakin masu cetonsu ba, suna zaton tarko ne, da yawa kuma ba sa iya tafiya, sai manoman ƙauyuka suka kawo amalanken da ɓaunar gida ke ja aka ɗora su. Ba don waɗannan manoma da 'yan sari-ka-noƙe ba, da harin ya ƙare a bakin ƙofar sansanin, kuma adalci ne a riƙa ambatonsu tare da sojojin da aka fi yabawa.

Nasarar ba ta zo kyauta ba a ko'ina. A Los Baños da ke Luzon, inda sojojin laima suka ceto fararen hula fiye da 2,000 ranar 23 ga Fabrairu, sojojin Japan sun dawo bayan masu ceton sun tafi, suka karkashe mutanen yankin kimanin 1,500. A Sandakan da ke tsibirin Boniyo kuwa an tsara shirin ceto amma ba a aiwatar ba, kuma cikin fursunonin Ostireliya da Birtaniya kimanin 2,400 mutum shida kawai suka rayu, su ma don sun gudu ne. Har yau masana tarihi na Ostireliya suna saɓani, wasu na cewa rashin jiragen sama ne ya hana, wasu na ɗora laifin a kan gurɓatattun bayanan sirri.

A Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙunshi dubban sojojin Nijeriya masu magana da Hausa, suka yi gumurzu a yankin Arakan, kurkukun Rangun ya kuɓuta ba tare da hari ba. Masu gadi sun janye a ƙarshen Afrilun 1945, fursunonin da aka bari suka rubuta da manyan baƙaƙe a rufin ginin cewa Japanawa sun tafi, don kada jiragen 'yan'uwansu su yi musu ruwan bama-bamai.

Makonnin jira

Mafi yawan fursunonin ba a cece su da hari ba, ƙarshen yaƙin ne ya same su a inda suke. Sarkin Japan Hirohito ya sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, amma Janar Douglas MacArthur na Amurka ya ba da umarnin kada rundunonin Ƙawance su sauka a yankunan da Japan ke riƙe da su sai an sa hannu a takardar miƙa wuya, wanda bai yiwu ba sai 2 ga Satumba. Hujjarsa ita ce gudun kada wani kwamandan Japan da bai yarda da saranda ba ya tayar da sabon faɗa, kuma hujja ce mai ma'ana, sai dai a sansanonin da ake binne mutane kullum, kowane mako na jira yana nufin ƙarin kaburbura.

Abin da ya rage shi ne kai agaji ta sama. Rundunar Lord Mountbatten mai kula da kudu maso gabashin Asiya ta kafa wani sashe na musamman da aikinsa kawai shi ne nemo fursunoni da fararen hular da aka tsare, da yi musu rajista da jinya da jigila, kuma a ƙarshen Agusta jiragenta suka fara watsa takardun sanarwa, sannan suka sauke ƙananan tawagogin likitoci da laima. A Mukden ta Manchuriya wata 'yar tawagar Amurka ta dira tun ranar 16 ga Agusta, kwanaki kaɗan kafin isowar sojojin Tarayyar Sobiyet. Wakilin Red Cross, Dakta Marcel Junod, wanda ya isa Tokyo a farkon watan, ya rarraba mutanensa zuwa sansanoni don su ƙidaya waɗanda ke ciki su kuma sa ido a kan kwashe su.

A Japan kanta da Koriya da Taiwan da Sin, an umarci a rubuta alama a rufin kowane sansani, manyan jiragen yaƙin Amurka samfurin B-29 suka sauke abinci da magani da tufafi kimanin tan 4,500 a sansanoni wajen 150 cikin ƙasa da wata guda. An cusa kayan ne cikin durom-durom na ƙarfe, kuma da yake a farko jiragen suna sakin su daga ƙasa-ƙasa, laima takan tsinke ko ta ƙi buɗewa, durom ya fasa rufi ya faɗa kan mutane. Wasu fursunonin da suka jure shekara uku da rabi sun mutu ta haka, jirage takwas kuma sun faɗi da ma'aikatansu fiye da 70.

Cikin da ya manta da abinci

Likitocin da suka shiga sansanonin sun tarar da cututtuka a jere a jikin mutum guda: zazzaɓin cizon sauro, da atuni, da gyambon ƙafa da ya ci har ƙashi, da kuma beriberi, wato ciwon da ke kama wanda abincinsa farar shinkafa ce zalla, saboda sinadarin tiyamin da jijiyoyi da zuciya suke buƙata yana cikin dusar da ake surfewa a zubar. Mai wannan ciwo ko dai ƙafafunsa su mutu, ko jikinsa ya kumbura da ruwa har zuciya ta gaza. Wasu sun rasa wani ɓangare na ganinsu har abada saboda yunwa ta taɓa jijiyar ido.

Cewa an sami masu rai da yawa haka, babban rabon yabon na likitocin ne da su ma fursunoni ne, irin su Edward Dunlop da Albert Coates na Ostireliya, waɗanda suka yi tiyata da kayan da aka ƙera daga cokali da gora, suka tace ruwan gishiri don yi wa masu kwalara ƙarin ruwa, suka kuma ɓoye bayanan marasa lafiya da na matattu, waɗanda daga baya suka zama hujja a kotu suka kuma zama jagora ga masu jinya.

Haɗarin da ba a zata ba shi ne abinci. Idan mutum ya daɗe cikin yunwa, jikinsa yakan rage aiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, kuma ma'adinan da ke cikin ƙwayoyin jikin, musamman fosfet da fotashiyam da maganiziyam, sukan ƙare a hankali ba tare da wata alama a fili ba. Da zarar an ba shi abinci mai yawan sukari ko sitaci, sai jiki ya saki sinadarin insulin, wanda ke tura sukari cikin ƙwayoyin tare da ɗan abin da ya rage na waɗannan ma'adinai a cikin jini, kuma cikin 'yan kwanaki sai bugun zuciya ya rikice, numfashi ya yi rauni, ruwa ya taru a huhu, mutum ya shiga ruɗewa ko farfaɗiya. Sukarin yana kuma cinye ragowar tiyamin, don haka mai beriberi ya fi kowa shiga haɗari.

A 1945 ba a fahimci wannan tsari dalla-dalla ba, amma an ga sakamakonsa a Turai watanni kaɗan kafin nan, lokacin da sojojin Birtaniya suka buɗe sansanin Bergen-Belsen a watan Afrilu suka raba abincin gwangwani irin nasu, mutane da yawa suka mutu bayan sun ci. Shi ya sa takardun da aka watsa a sansanonin Asiya suka yi gargaɗin a ci kaɗan-kaɗan, a fara da abu mai ruwa-ruwa, kada kuma a sha magani barkatai. Gargaɗin ya yi amfani a inda akwai likita mai faɗa a ji, amma yana da wuya a ce wa wanda ya shekara uku yana mafarkin abinci ya ajiye gwangwanin nama da cakulan da ya faɗo masa daga sama. Binciken da Ancel Keys ya gudanar a Jami'ar Minnesota daga 1944 zuwa 1945, inda mutum 36 suka yarda a sa su cikin yunwa don a gano hanyar farfaɗo da su, bai fito a cikakken littafi ba sai 1950. Ƙa'idar da asibitoci ke bi yau ga mai tsananin tamowa, ta farawa da abinci kaɗan, da ba da tiyamin tun kafin cin farko, da auna ma'adinan jini kullum, ta tsiro ne daga waɗannan shekaru.

Waɗanda aka bari a baya

Aikin kwashe fursunonin Turawa ya yi sauri ƙwarai, domin cikin kusan wata uku an fitar da mafi yawansu ta jiragen asibiti da jiragen dakon soja. Sauran ba su sami wannan gata ba. Sojojin Indiya da aka kama a Singafo, waɗanda da yawansu Musulmi ne, sun rabu biyu: wasu sun shiga rundunar neman 'yancin Indiya da Japan ta mara wa baya, wasu sun ƙi, aka tura dubbansu aikin bauta a Niyu Gini da tsibiran kusa, inda da yawa suka mutu. Da aka kwaso ragowar, hukumomin Birtaniya sun fara da tantance su ne zuwa rukunin fari da toka-toka da baƙi gwargwadon biyayyarsu ga mulkin mallaka.

Leburorin layin dogo, Tamil daga gonakin roba na Malaya da mutanen Bama da na Jaba, sun fi kowa rashin mai tsaya musu, da yake ba soja ba ne, babu rajistar sunayensu, babu kuma gwamnatin da ke nemansu. An tono gawawwakin fursunonin Ƙawance ɗaya bayan ɗaya aka sake binne su a maƙabartun Kanchanaburi da Chungkai da Thanbyuzayat, kowa da sunansa a kan dutse, su kuwa leburorin suna cikin ramukan bai ɗaya a daji, kuma da yawa daga masu ran ba su taɓa samun hanyar komawa gida ba.

A Jaba tsugune ba ta ƙare ba ko ga Turawan. An shelanta 'yancin Indunusiya ranar 17 ga Agusta, rikici ya ɓarke tsakanin matasa masu kishin ƙasa da duk wanda ake dangantawa da mulkin Holan, har ta kai mata da yaran Holan suka ci gaba da zama a sansanoninsu na tsawon watanni, sojojin Japan da suka tsare su jiya suna gadinsu bisa umarnin Ƙawance.

Komawa gida

Jirgin farko da ya kawo fursunonin Birtaniya, mai suna Corfu, ya isa Southampton ranar 7 ga Oktoban 1945. Doguwar tafiyar teku ta sa mutanen sun yi ƙiba, don haka iyalansu ba su ga ƙasusuwan da likitoci suka gani ba, kuma wannan ya taimaka wajen raina abin da suka sha. An kuma raba musu takardar umarni da su kame bakinsu, bisa hujjar kada su tayar da hankalin iyalan waɗanda suka mutu ko su ɓata shari'ar masu laifin yaƙi. Da yawa sun riƙe wannan umarni har tsufa, matansu da 'ya'yansu ne kaɗai suka san ihun dare da saurin fushi da ɓoye abinci a ƙarƙashin gado.

Rundunar Birtaniya ta yi wani yunƙuri da ya cancanci yabo, wato cibiyoyi 20 na sake sabawa da zaman farar hula, inda tsohon fursuna yakan yi makonni da son ransa, yana tattaunawa da 'yan'uwansa a rukuni, yana ziyartar masana'antu da ofisoshin neman aiki. Amma an tsara su ne da fursunonin Jamus a zuci, kuma waɗanda suka dawo daga Asiya 'yan dubbai kaɗan ne suka shiga. Ciwon firgita da ke biyo bayan tashin hankali bai sami suna a littattafan likitocin ƙwaƙwalwa ba sai 1980.

Jikin ma bai saki ba. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful ta duba tsofaffin fursunoni fiye da 2,000 cikin shekaru masu yawa, ta gano cewa kimanin kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da wata tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa, wadda take hayayyafa a jikin mutum ba tare da ta fita ba, har ta yi shekara 30 ko fiye. Haɗarinta shi ne, idan likitan da bai san tarihin majinyacin ba ya ba shi maganin da ke rage garkuwar jiki, tsutsar takan bazu ta kashe shi.

Diyya da sabuwar doka

A ƙarƙashin yarjejeniyar zaman lafiya ta San Francisco ta 1951, an sayar da wasu kadarorin Japan aka raba kuɗin, kowane tsohon fursunan Birtaniya ya sami kimanin fam 76. Gwamnatin Japan ta tsaya a kan cewa wannan yarjejeniya ta rufe batun, kotunanta ma sun yi watsi da ƙararrakin da aka shigar, su kuwa tsofaffin suna cewa abin da suke nema shi ne amsa laifi a fili, kuma a 1998 ɗaruruwansu suka juya wa Sarki Akihito baya lokacin da ayarinsa ke wucewa a Landan. A ƙarshe gwamnatocinsu ne suka biya: Kanada a 1998, Birtaniya fam 10,000 ga kowa a 2000, Ostireliya a 2001, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga sun rasu. Sojojin Gurka na Nefal ma sai da kotu ta shiga tsakani a 2002 kafin a sa su cikin lissafi.

Yarjejeniyar Janiba ta uku ta 1949 ta gyara wasu kurakuran da sansanonin Asiya suka tona. Dokar 1929 ta ce a ciyar da fursuna daidai da sojan ƙasar da ke tsare da shi, abin da ya ba da kafar a ce ai shinkafa kowa ke ci, sai sashe na 26 na sabuwar dokar ya wajabta abincin da zai kiyaye lafiya, ya hana rama da cututtukan tamowa, a kuma lura da abin da fursunan ya saba ci. Sashe na 118 ya ce a saki fursunoni a mayar da su gida ba tare da jinkiri ba da zarar an daina faɗa, kuma an rubuta shi ne a daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ke riƙe da ragowar Japanawa kimanin 600,000 da ta kwashe zuwa Saberiya, waɗanda na ƙarshensu ba su koma gida ba sai 1956. Bin wannan sashe ya ci gaba da wuya: batun ko za a tilasta wa fursuna komawa ƙasar da yake tsoro ya jinkirta tsagaita wutar yaƙin Koriya fiye da shekara guda, yaƙin Iran da Iraƙi kuma, wanda ya tsaya a 1988, sai a 2003 aka yi musayar fursunoninsa na ƙarshe.